Yadda za ka auna alkawarin tashar wutar kwal kafin a aza tubali

Duk bayan 'yan shekaru sai maganar ta dawo. Wani babba ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce Allah ya albarkaci ƙasarmu da kwal, za a gina tasha mai megawat kaza, matsalar wuta ta kusa zama labari. An yi wannan magana a kan Kogi da Binuwai da Inugu da Gombe, an yi ta a kan Salkadamna ta jihar Tawa tun zamanin shugaba Mahamadou Issoufou. Yanzu da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Najeriya damar tafiyar da harkar wutarsu, za ka ƙara jin ta daga bakin gwamnoni. Ni aikina na tukunyar tururi ne, a ɗakin kula da injuna na yi furfura, kuma abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke zuwa taron da ake kira don jin ra'ayinsu, su zauna, su yi tafi, su tashi ba wanda ya yi tambaya guda da za ta sa mai kamfani ya gyara zama. Ba rashin hankali ba ne, ba wanda ya taɓa nuna musu inda ake dubawa ne. Mai unguwa, ɗan jarida, malamin makaranta, matashin da ke shugabantar ƙungiyar ci gaban gari, ku nake wa wannan rubutu. Takarda da biro kawai kuke bukata, da kalkuletar da ke cikin waya.

Da farko ka san abin da ake son ginawa. Ana haƙo kwal, a niƙe shi ya zama gari mai laushi da iska ke iya ɗauka, a hura shi cikin wani katafaren ɗakin wuta da bututun ruwa suka zagaye bangonsa. Ruwan ya zama tururi mai zafin kusan digiri 540, tururin ya bugi farfelun wani inji mai juyawa da ake kira tabain, tabain ta juya janareta sau 3,000 a minti guda, wuta ta fita ta taransifoma zuwa babban layi. Tururin da ya gama aiki sai a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake tura shi tukunya. Shi ke nan. Tashar Egbin da ke Legas, mai megawat 1,320, haka take aiki, sai dai ita iskar gas take ƙonawa. Kowace tambayar da za ka yi daga wannan zagaye take fitowa: me ke shiga, me ke fita, wa zai karɓa.

Ka fara da kwal ɗin kansa

Kada ka yarda da jimlar "muna da kwal mai yawa". Kwal iri-iri ne, kuma tsakanin mai kyau da marar kyau akwai tazarar da za ta iya kashe tasha. Ka nemi a kai ka wurin da aka ce yana nan, ka ɗauki ƙulli guda ka fasa da dutse. Mai kyau baƙi ne wuluk, yana sheƙi, ba shi da nauyi sosai a hannu, yana fashewa fuska-fuska. Idan ka ga launinsa ya karkata zuwa ruwan ƙasa, yana marmashewa, yana da danshi, in ka bar shi a rana kwana biyu ya tsattsage, to wannan ɗanyen kwal ne, ruwa ya yi masa yawa, zafinsa kaɗan ne. Idan kuwa ya yi nauyi, da jirwayen toka-toka a jikinsa, laka da dutse ne suka cakuɗu da shi, kuma duk za su fito a matsayin toka. Kana iya auna kilo guda, ka ƙone shi ƙurmus a murhu a fili, nesa da ɗaki da yara, ka auna abin da ya rage. Wannan ba zai maye gurbin ɗakin gwaji ba, amma zai buɗe maka ido. In hayaƙin na sa hawaye da sarƙe maƙogwaro, farar wuta ta yi yawa a ciki.

Bayan nan sai ka nemi takardar gwaji. Abubuwa huɗu za ka duba a kanta: yawan zafin da kilo guda ke bayarwa, danshi, toka, da farar wuta. Kwal mai kyau na ba da wajen kilokalori 6,000 a kowane kilo. Wanda ya faɗo ƙasa da 4,000 mai rauni ne. Ana ƙona mai rauni a duniya, Jamus ta daɗe tana yi, amma sai an ƙera tukunyar domin shi tun daga farko, kuma sai tashar ta zauna a bakin ramin haƙar, don jigilarsa zuwa nesa jigilar ruwa da laka ce. Tukunyar da aka ƙera don wani irin kwal aka riƙa ba ta wani daban, ba ta daɗewa. Tokar kan narke ta manne a jikin bututu ta zama dutse, bututun ya yi zafi fiye da kima ya fashe, a kashe tasha a jira ta huce kafin mai walda ya iya shiga. Na sha tsayawa a ƙofar tukunya ina haska tocila ina kallon irin wannan dutse yana rataye kamar zai faɗo a kan mutum, kuma kowane lokaci asalin matsalar daga ramin haƙa take.

To ga lissafin da nake so ka riƙe. Yunit ɗaya na wuta, irin wanda kake saya a mita, yana cin kusan gram 400 na kwal mai kyau, ko gram 700 na mai rauni. Megawat ɗaya da ya yi aiki dare da rana yunit 24,000 ne. Ke nan kowane megawat na cin wajen tan 10 na mai kyau a rana, ko tan 17 na mai rauni. Idan aka ce maka tashar megawat 300 ce, ka ninka: tan 3,000 a kowace rana, ko tan 5,100. Tirela mai ɗaukar tan 30, guda 100 ke nan a rana, ko 170, ba ranar Juma'a, ba Sallah, ba damina. Yanzu ka ɗaga kai ka dubi hanyar garinku. Ka tambaya: ta ina waɗannan motoci za su bi, ta gaban makarantar firamare ko ta bayan gari? Wa zai gyara titi? Ko bel mai jan kaya za a shimfiɗa daga rami zuwa tasha? Ba banza ba Turawa, da suka gano kwal a Udi a 1909, sai da suka ja layin dogo daga Inugu zuwa Fatakwal kafin harkar ta tsaya da ƙafarta a 1916.

Ka ci gaba da ninkawa. Tasha irin wannan ana gina ta ne don shekara 30 zuwa 40. In ta yi aiki kashi 80 cikin 100 na shekara, megawat 300 za su cinye sama da tan miliyan 26 na kwal mai kyau a shekara 30, ko kusan miliyan 45 na mai rauni. Sai ka tambayi mai kamfani nawa ne aka tabbatar yana ƙasa. A nan gizo ke saƙa. Akwai adadin da aka yi hasashe daga 'yan ramuka ƙalilan, akwai wanda aka tabbatar bayan an huda ƙasa kusa-kusa an ciro samfuri an auna. Manyan lambobin da ake faɗa a taro galibi na hasashe ne. Banki ba ya ba da bashi a kan hasashe. Ka ce a nuna maka rahoton hudar ƙasa: ramuka nawa, zurfin nawa, kaurin shimfiɗar kwal nawa, kuma ƙasa mai zurfin nawa za a kwashe kafin a kai gare shi. In ba su da wannan rahoto, aikin bai ma fara ba, kome girman allon da aka kafa a bakin hanya.

Ruwa

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasarmu, kuma ita aka fi tsallakewa. Mutane na ɗauka kwal ne abincin tasha, su manta da abin shanta. Ruwan cikin tukunya zagaye yake yi, ba ya ƙarewa da yawa, sai dai dole a tace shi tas, ya fi ruwan sha tsabta nesa ba kusa ba, don gishirin da ke cikinsa kan toshe bututu. Inda ruwa ke tafiya shi ne wajen sanyaya tururi. Farin hazon da kake gani a hoto yana tashi daga manyan hasumiyoyi masu faɗin baki ba hayaƙi ba ne, ruwa ne ke tafiya sama ba dawowa. Tasha mai irin wannan hasumiya na shan wajen lita 2 a kan kowane yunit. Megawat 300 na samar da yunit miliyan 7.2 a rana, ke nan ruwa lita miliyan 14 da ɗoriya. Tankar lita 33,000 sama da 430 kowace rana. In kowane mutum na amfani da lita 50, ruwan mutum kusan dubu 290 ke nan.

Saboda haka ka tambaya da babbar murya: daga ina? In kogi ne, nawa yake ɗauka a watan Afrilu, lokacin da ya ja baya, ba a watan Agusta ba? Masu noman rani da masunta da makiyayan da ke ƙasa da wurin fa? In rijiyoyin burtsatse ne, zurfin nawa, kuma me zai faru da rijiyoyin gari in aka shekara goma ana zuƙa?

Akwai mafita, kuma ya kamata ka san da ita don kada a ce maka babu. Afirka ta Kudu na da ƙarancin ruwa a yankin Limfofo, sai kamfanin wutar ƙasar, Eskom, ya gina tashoshin Matimba da Medupi da tsarin sanyaya tururi da iska: manyan fankoki ke hura iska a jikin bututu. Wannan na rage shan ruwa ƙwarai, ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma. Amma yana da tsada, fankokin na cin wuta, kuma ranar da zafi ya yi tsanani ƙarfin tashar kan ragu, daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar wuta. A wurin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In mai kamfani ya ce da iska zai sanyaya, ka ce ya faɗa maka megawat nawa tashar za ta bayar da azahar a watan Afrilu. Wanda ya yi aikinsa yana da wannan lamba a hannu.

Abin da tashar kwal ke iyawa da wanda ba ta iyawa

Da yawa na ɗaukar ta kamar babban janareta, a ja igiya ta tashi. Ba haka ba ne. Bari in nuna maka yadda ake tada ita daga sanyi. Da farko a kunna fankoki su kore duk wata iska mai kamawa da ta maƙale a ɗakin wuta, don kada ya yi bindiga. Sannan a kunna wuta da man dizal ko baƙin mai, ba da kwal ba. Sai a riƙa ƙara zafi sannu-sannu, ido na kan ma'auni, domin ƙarfen tukunya kauri gare shi, in cikinsa ya yi zafi bayansa na da sanyi sai ya tsage. Sai ɗakin ya ɗau zafi sosai kafin a tada injinan niƙa ɗaya bayan ɗaya a fara hura garin kwal. A buɗe magudanai a zubar da ruwan da ya kwanta a bututun tururi, don ɗigon ruwa a wannan gudu na iya karya farfela. Ita kuwa tabain tun tuni ana juya ta a hankali da ƙaramin inji don kada sandarta ta lanƙwashe. A sakar mata tururi kaɗan, a saurara, mutum na tsaye kusa da ita yana jin ko akwai gogayya, a ƙara, a tsaya ta ɗumama, a ƙara, har ta kai 3,000. Sannan a daidaita bugunta da na babban layi a haɗa. Wanda ya fara wannan da asuba, in ya ga wuta ta fita kafin isha'i ya gode wa Allah, kuma man da aka ƙona a hanya kuɗi ne masu yawa.

Tashar kwal kamar tanderun gidan burodi take: ba a kashe shi don ciniki ya lafa na awa guda. Amfanin tashar kwal shi ne ta riƙe nauyin da ba ya sauka, dare da rana, rani da damina, ba ruwanta da faɗuwar rana, kuma ana iya tara abincinta na makonni a fili. Wannan ne ya sa har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga kwal yake, ya sa ƙasar Sin ke samun fiye da rabin wutarta daga gare shi, Indiya wajen kashi 70 cikin 100, Afirka ta Kudu wajen kashi 80. Amma ba ta son a riƙa yi mata hawa da sauka, yawancin tsofaffin samfuri ba sa zama lafiya in aka sauke su ƙasa da kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsu. Kuma ba ta iya tashi da kanta cikin duhu: fankoki da famfuna da injinan niƙa duk sai da wuta daga waje. Tashoshin ruwa irin Kainji da Jebba da Shiroro sun fi ta sauƙin tashi nesa ba kusa ba.

Ka ɗora wannan a kan babban layin Najeriya da ke yawan durƙushewa. Duk faɗuwa guda, tukunyar da ke cike da wuta sai ta yi tsayuwar dole, ƙarfe ya sha wahala, a sake ƙona mai. Saboda haka tambaya ta gaba ita ce layi: ina tashar za ta haɗu da shi, mai kilobolt 330 ne ko 132, kilomita nawa za a ja, wa zai biya, kuma layin na da sararin ɗaukar wannan kaya? Najeriya na da injinan da a takarda suka haura megawat 12,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Ƙarancin gas na cikin dalilai, amma raunin layi da bashin da ba a biya su ma suna ciki, kuma sabuwar tasha ba ta warkar da su. Ka kuma duba girman kowane inji. A ƙaramin layi, inji guda mai girma sosai haɗari ne, don ranar da ya faɗi yana iya jan kowa ƙasa. Huɗu masu megawat 75 sun fi guda mai 300 kwanciyar hankali, ko da sun fi tsada.

Lambar da aka rubuta a allo ma ka rage mata. Tashar kan cinye kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na wutarta a cikin gida, kuma kowace shekara sai an tsayar da kowane inji makonni don gyara.

Wa zai saya

In kana son ganin tashar kwal da ta rayu a yankinmu, ka dubi Anu Araren kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. An kafa kamfanin kwal na Nijar, SONICHAR, a 1975, tashar ta fara aiki a 1981, tana da injuna biyu masu megawat 18.8 kowanne. Ƙarama ce ƙwarai in aka kwatanta da na duniya, amma ta haura shekara 40 tana aiki. Me ya riƙe ta? Tana zaune a bakin raminta, kuma tun kafin a gina ta an san masu saya: kamfanonin haƙar yuraniyom na Arlit, masu bukatar wuta dare da rana kuma masu iya biya, sannan garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin ta hannun NIGELEC, kamfanin wutar Nijar. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Yamai da Maraɗi da Damagaram ne suka ji jiki, don a wancan lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa. Arewa na kan nata layin. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu cewa ƙasa ta dogara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarta, kuma ban raina ta ba. Amma ka lura da ɗaya gefen: da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a watan Maris na 2021, ɗaya daga manyan masu sayen ya tafi. Tashar da ta jingina da mai saya ɗaya ko biyu, lafiyarta lafiyarsu ce.

A Najeriya kuwa an yi tashar Ijora a Legas da ta Oji River kusa da Inugu wadda ta fara a 1956, duk da kwal. Jiragen ƙasa suka koma dizal, man fetur ya bayyana, yaƙin basasa ya tsayar da haƙa, ramuka suka cika da ruwa. Yau babu tashar kwal ko guda a kan babban layin ƙasar, gas ne da ruwa. Kwal ɗin da ake haƙa a wurare irin Maiganga ta jihar Gombe kamfanonin siminti ne ke ƙona shi. Ka tambayi mai kamfani: akwai yarjejeniyar sayen wuta da aka sa wa hannu? Da wa, a kan nawa yunit, da naira ko da dala? In mai sayen ya kasa biya, wa ya tsaya masa? In amsar ita ce gwamnatin jiha, to bashin a kan kason jiharku zai sauka.

Kuɗin ginin ma ka tambayi tushensa, don ƙofofi da yawa sun rufe. Bankin Duniya ya taƙaita ba da bashin kwal tun 2013, kuma a watan Satumban 2021 shugaban Sin Xi Jinping ya shaida wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasarsa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Takardar fahimtar juna da ake ɗaukar hoto da ita ba kuɗi ba ce. Lokacin gini kuma kada ka ɗauki wanda aka faɗa a taro: an fara Medupi a 2007, injinta na ƙarshe bai shiga aiki ba sai 2021.

Toka da hayaƙi

Nan ne zuciyata ta fi tsayawa, don waɗanda za su shaƙa ba su ne za su ci riba ba. Kwal mai toka kashi 30 cikin 100, a tashar da ke cin tan 5,100, zai bar toka sama da tan 1,500 kowace rana. Tirela 50. Tana ɗauke da guba irin su zaiba da dalma. In aka jibge ta a busasshe, iskar hunturu za ta kai ta cikin tukwanen abinci. In aka zuba ta a tafki da ruwa, sai an shimfiɗa leda mai kauri da yumɓu a ƙasa, in ba haka ba ta tsiyaye zuwa ruwan rijiya. Bangon irin wannan tafki ya taɓa fashewa a Kingston ta jihar Tenesi a Amurka, a watan Disamban 2008, laka ta rufe gidaje da kogi. Ka ce a nuna maka a taswira inda za a zuba, ta wace fuska yake da gari, da inda ruwan sama ke gangarawa daga wurin. In akwai kamfanin siminti kusa da zai riƙa sayen tokar, alheri ne, ka nemi ganin yarjejeniyar.

A bututun hayaƙi abubuwa biyu za ka tambaya da sunansu. Na'urar kama ƙura, wadda in tana aiki daidai takan kama sama da kashi 99 cikin 100 na tokar da ke tashi. Da na'urar wanke hayaƙin farar wuta da dutsen farar ƙasa, wadda ke da tsada kuma tana shan ruwa, shi ya sa ita ake fara cirewa in kuɗi sun gaza, a ce za a sa daga baya. Wannan hayaƙi shi ke tada asma da tarin yara da tsofaffi. Kada ka karɓi "daga baya". Ka kuma nemi a rubuta cewa za a riƙa bayyana ma'aunin hayaƙin ga jama'a, domin na'urar da ta lalace da dare ba mai gani sai wanda ya wayi gari ya tarar da baƙin gari a kan shanyarsa.

Game da ɗumamar yanayi, gaskiyar ita ce kowane yunit na kwal na sakin wajen kilo guda na iskar kabon, ninki biyu na gas. Ingila, inda aka fara wannan harka a Landan a 1882, ta rufe tasharta ta ƙarshe a ƙarshen Satumban 2024. Ni ban ga adalci ba a ce wa nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba ta zauna cikin duhu. Amma mu ne kuma hamada ke ci, kuma farashin sola ya faɗi ƙwarai. Hakkinka ne ka ce a kwatanta maka kuɗin yunit ɗin kwal da na gas da na sola haɗe da batir, a wannan wuri, a takarda guda. Wani wurin kwal zai yi nasara, musamman inda masana'anta ke aiki da dare kuma babu bututun gas. Wani wurin ba zai yi ba.

Kada ku ɗauka ba ku da ƙarfi. A Kenya, mutanen Lamu sun kai ƙara kan tashar megawat 1,050, kuma a watan Yunin 2019 kotun muhalli ta soke lasisinta saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. A Najeriya dokar 1992 ta wajabta rahoton tasirin muhalli ga aiki irin wannan, kuma ana ajiye shi a fili don jama'a su karanta su yi ƙorafi. Ku sami kwafi, ku ba wani ɗanku da ya yi karatun injiniya ko kimiyya ya zauna da ku ya fassara shi shafi-shafi. Maganar diyyar gona, da inda za a mayar da waɗanda za a tasa, da maƙabarta, da burtalin shanu, duk a gama ta a rubuce kafin katafila ta shigo. Ayyukan yi kuma ku raba su biyu: na gini, masu yawa ne amma na 'yan shekaru, da na dindindin, 'yan ɗaruruwa ne kuma sai mai horo. Ku nemi a fara tura yaranku koyon walda da lantarki da aikin tukunya tun ranar da aka fara gini. Ku kuma tambaya ko garin da kansa zai sami wuta, don layi mai kilobolt 330 na iya wucewa ta saman rufinku ba tare da ƙwai ɗaya ya kama ba, sai an gina ƙaramar tashar saukar da wuta, kuma sai an sa ta cikin kasafi tun farko.

Abu guda kuma ku yi da kanku, da kuɗinku, tun kafin a fara komai. Ku ɗebi ruwan rijiyoyi da burtsatsen gari a kwalabe masu tsabta, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, ku rubuta sunan kowace rijiya da kwanan wata, ku kai ɗakin gwajin wata jami'a ko hukumar ruwa a auna zaiba da dalma da gishiri da tsami. Ku zura igiya ku auna zurfin ruwan kowace rijiya ku rubuta. Ku roƙi ma'aikacin asibitin gari ya fitar muku da adadin masu zuwa da tari da ciwon ƙirji a shekarar da ta wuce. Ku yi kwafi uku masu hatimi, ɗaya wajen mai gari, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen sakataren ƙungiya, sannan ku maimaita awon kowace shekara a watanni iri ɗaya.